Maginin da ya sake mana katanga a Marwa, da ƙofar da ta rage wa aikinsa daraja

Tun da aka gama katangar gidanmu mutane ke tare ni da tambaya, daga masu zuwa shagona sayen atamfa har dangi na unguwannin Domayo da Kakatare: wa ya yi, kuma ya cancanci kuɗinsa? Na riƙa ce musu su bari ta ga damina tukuna. Yanzu ta gani, don haka ga abin da na sani. Ban sa sunansa ba saboda ban nemi izininsa ba. Dattijo ne, yana aiki da ɗansa da wasu yara, kuma a fannin gini ko gobe na samu aiki shi zan kira. Ƙofa kuwa ba zan sake barin ta bi ta hannunsa ba.

Gidanmu na gado ne, a bakin gari, inda a da gonakin masakwa, dawar rani, suke. Marigayi Baba ya kewaye shi da tubalin ƙasa, kuma duk shekara bayan damina sai ya sa an yi yaɓe. Da ya rasu yaɓen ya tsaya, daga baya aka shafe katangar da siminti don a huta. Siminti ba ya kama ƙasa. Ya tsattsage, ruwa ya riƙa shiga ta baya ba ya samun hanyar fita, gara ta samu wurin zama tsakanin filasta da tubali. A watan Agusta na 2024, daminar da ta raba mutanen Yagwa da gidajensu, ɓangaren baya ya zube cikin dare. Namu ƙarami ne a kan nasu, amma gida ne na mata da tsohuwa. Inna ta daina fitowa tsakar gida alwala sai da mayafi. Wannan ya fi komai ci mini rai, shi ya sa muka ɗaura zana muka fara tara kuɗi, ni da yayana da ke Ngaundere.

Maginan da suka zo kafinsa igiyar awo suka miƙa, suka faɗi kuɗi, suka tafi. Shi da ya zo, bayan ya gaida Inna, tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, in an yi ruwa, na gidan nan ina yake bi?" Na nuna masa. Ya zaga, ya sa ɗansa ya haƙa rami a wurare biyu, ya ɗebo ƙasa ya jiƙa ya mulmula a tafin hannu. Baƙar laka ce, irin wadda ake kira karal a nan. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar masakwa da rani ya ga yadda take dararrewa har ƙafa ta shige. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta motse, kuma duk abin da aka ɗora mata tare suke hawa da sauka. Ya ce da ni, "Ko bulon zinariya kika jera a kan wannan ƙasa ba harsashi, shekara biyu zai tsage." Ni dai ban taɓa jin wani magini ya yi mini bayanin ƙasa kafin bayanin kuɗi ba.

Kafin a sa diga ya ƙi taɓa komai sai an kira jauro, wato mai unguwa, da maƙwabta. Aka tono duwatsun iyaka, aka gwada da takardar fili, aka ja igiya kowa yana kallo. Ashe tsohuwar katangar ta ɗan shiga filin maƙwabcinmu na baya da kamar taƙi ɗaya, aka mayar masa cikin mutunci. Shi ne kuma ya ce mu je ofishin magajin gari mu tambayi layin titi, kada mu gina a zo a shafa mana jan fenti.

Harsashin nan shi ne ainihin abin da na saya a wurinsa. Ya haƙa kusan mita ɗaya, har launin ƙasar ya sauya, faɗi santimita 50. Ya shimfiɗa yashi a ƙasa, ya jera duwatsu da siminti, sannan ya zuba ɗamarar kankare mai rodi huɗu na milimita 10, an ɗaure su da zobban rodi na 6. Kowace mita 3 akwai ginshiƙi da rodinsa ya fito daga cikin ɗamarar, a sama kuma wata ɗamarar ta haɗe su. Kwaɓinsa na kankare buhu ɗaya ne ga baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa, kuma da kansa yake ƙirga baron. A dogon ɓangaren ya bar wata tsaga mai faɗin yatsa tsakanin ginshiƙai biyu, ya ce in ƙasa ta motsa nan za ta huce, ba a jikin bulo ba. Kusan rabin kuɗinmu a cikin rami ya tafi. Yayana da ya ga hotuna a WhatsApp ya bugo yana faɗa, ya ce ya turo kuɗi har sau nawa bai ga katanga ba. Na miƙa wa dattijon waya. Ya ce, "Alhaji, wadda ake gani kowa ya iya ta." Yaya ya yi shiru, washegari ya turo sauran ta Orange Money.

Batun kayan da za a yi amfani da su mun daɗe a kansa, kuma a nan ne na ga ba neman ya sayar mana da mafi tsada yake yi ba. Ni da farko kwano na so a zagaye ko'ina, don sauri da sauƙin kuɗi. Ya ce in tsaya kusa da shingen kwano da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, in ji da jikina. Ga iskar farkon damina da ke yaye shi, ga ƙasansa da ke tsatsa, ga ɓarawo da almakashi. Wayar raga kuma ta lambu ce da garke, ba ta suturta kowa. Zana tana da sanyi da kyau, iska na ratsa ta, amma gara da akuya da wuta duk abokan gabanta ne, in ta yi shekara biyu ta yi ƙoƙari. Na tambaye shi jan bulo ƙonanne, irin wanda ake gini da shi a Kusiri da Njamena. Ya yaba shi ƙwarai, sai dai ya ce wanda bai ƙonu da kyau ba ya fi tubali saurin narkewa, kuma shi ba shi da mai ƙonawa a kusa da zai tsaya masa. Na ji daɗin da bai karɓi abin da ba zai iya lamunta ba.

Abin da muka tsaya a kai kashi uku ne. Gefen titi da baya, inda ruwa da baƙin ido suke, bulon siminti na santimita 15, tsayi mita 2 da ɗan ɗori. Gefen da ke tsakaninmu da gidan kawu, tubalin ƙasa, amma a kan gindin dutse da ya tashi sama da ƙasa zuwa gwiwa, da hular kankare a kai mai ɗan baki don ruwa ya ɗiga nesa da jiki. Yaɓensa na ƙasa ne da ciyawa, ba siminti. Inna ce ta dage a kan wannan, domin a gindin katangar take shimfiɗa tabarma da yamma, kuma tubali ba ya mayar da zafi da dare yadda bulo ke yi. Ta yi gaskiya. Ya rage mana kuɗi, ga shi nan ne ɓangaren da kowa ke so ya jingina. A cikin gida kuma, tsakanin madafa da inda baƙi ke zama, zana muka mayar, amma a kan sandunan ƙarfe, an ɗaga ta daga ƙasa don gara.

Bulo bai yarda mu sayo na kasuwa ba. Ya ce wasu masu bugawa kan fitar da 45 ko 50 a buhu ɗaya mai kilo 50, shi kuma ba ya wuce 32 zuwa 35. Ya kawo guda daga wani wuri ya sake shi daga tsayin ƙirji, ya watse. Ya karce wani da ƙusa, yashi ya zubo. Araha ba ta ado. A ƙofar gida aka buga namu, da yashin Mayo Kaliyawo, wanda ya fara gwadawa a kwalbar ruwa don ya ga yawan lakar da za ta kwanta a sama. Mota ɗaya ya mayar saboda laka ta yi yawa, direban yana ta surutu. Gefen titi mita 18 ne, kuma da yake murabba'in mita yana cin bulo 12 da rabi, ya lissafa kusan 500, abin da ya ragu bai cika baro biyu ba. Siminti na CIMENCAM muka saya, na Figil da ke kan hanyar Garwa, da ya yanke a shagon muka cike da na Dangote mai zuwa daga Duwala. Bai nuna fifiko tsakaninsu ba. Abin da yake dubawa lambar ƙarfin siminti ce da ke jikin buhu, 32.5 don bulo da jeri, 42.5 don ginshiƙi da ɗamara, sai kuma ya danna buhu ya ji ko ya fara dunƙulewa.

Ban ruwa shi ne wahalar da ba a gaya wa mutum. Mako guda safe da yamma ana yayyafa wa bulon, an lulluɓe shi da tsohuwar zana, kuma bai ɗora ko ɗaya ba sai da ya haura mako uku, domin siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, sai mu sayi jarkoki wurin 'yan garuwa, kuma wannan kuɗi ba ya cikin lissafin da ya ba mu. Ya kamata ya faɗa tun farko. Allah Ya taimake mu a Disamba da Janairu aka yi aikin. Wanda ya bari sai Maris, ruwa ya yi tsada, rana kuma ta busar da kwaɓi kafin ya kama.

Abu biyu ƙanana da suka burge ni. Akwai tsohuwar dalbejiya a kusurwa da saiwarta ta ratsa layin katanga. Wani ya ce a sare. Shi sai ya sa ginshiƙi hagu da dama, ya tsallake saiwar da ɗamara, ya bar mata wuri. Sannan rariya: uku ya yi a inda ruwa ke bi, kowace da ragar ƙarfe don ɓera da maciji, ya kuma gyara gangaren tsakar gida ya fuskance su. Daminar 2025 ruwa bai kwana a gidanmu ba. Kwalabe fasassu da yaya ya so a dasa a saman katanga ya ƙi, ya ce yaran unguwa masu hawa ɗauko ƙwallo su za su yanka, ɓarawo buhu yake shimfiɗawa ya wuce. Na goyi bayansa.

To, sai inda ya gaza, kuma ba zan rage ba. Ba ya riƙe alƙawarin lokaci. Ana tsakiyar jeri ya ɗauke yaransa zuwa wani aiki a hanyar Mora, ya bar mu da gefen titi a buɗe rabi, ba sallama. In na kira sai ya ce "gobe in sha Allahu, Hajiya", goben ta yi ta ja. Ga mai tsohuwa a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne, na kuma gaya masa a fuskarsa. Ɓaraguzan tsohuwar katanga ma a bakin titi ya tara su, sai ni na nemi mai keke mai ƙafa uku ya kwashe. Lissafinsa duk a ka yake, ba ya son rubutu. Bai ci mana ko dala ba, na bi sawu na tabbatar, amma sai da na sa ɗana ya riƙa rubuta kowane buhu a littafi aka samu zaman lafiya da yaya. Duk wanda zai ba shi aiki ya raba kuɗin hannu da kuɗin kaya, ya biya kashi-kashi, harsashi daban, jeri daban, ya kuma riƙe kashin ƙarshe har a share wuri.

Bayan damina wata siririyar tsaga ta fito a filastar gefen baya. Na aika masa, ya zo, ya kankare ya nuna mini a fata take ba ta shiga bulo ba, ya cike bai karɓi komai ba.

Ƙofar ce har yau take ɓata mini rai. Ya ce yana da mai walda ɗan'uwansa, muka amince saboda shi. Farantin ƙarfen siriri ne, in an tura yana lanƙwasa yana ƙara. Ba a shafa masa jan fentin hana tsatsa ba kafin koren, ruwa biyu aka yi ƙasansa ya fara ɓamɓarewa. Maratayan biyu ne kacal a ƙofa mai faɗin mita 3, yanzu ɓangare ɗaya ya sunkuya yana jan ƙasa, Inna ba ta iya buɗewa sai an taya ta. Da na yi wa dattijon magana ya amsa cewa aikin bai yi ba, ya sa aka zo aka ƙara walda, amma ƙarfen da bai da kauri walda ba ta ƙara masa. Na riga na yi magana da wani maƙeri da kaina, na ce ya nuna mini kaurin farantin da bututun kafin ya yanka, a sa marataya uku kowane ɓangare, a shafa jan fenti ina tsaye. Ginshiƙan ƙofar dai maƙerin ya duba ya ce za su ɗauki wadda ta fi wannan nauyi sau biyu, don haka ba sai an fasa komai ba. Da an sayar da kayan sallah za a cire tsohuwar.