Kwantarwa ko jeka-ka-dawo: wanne ya dace da mai fama da ƙwaya da ciwon damuwa?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba ƙaninki lafiya, ke kuma ya saka miki da kika tsaya masa.

Ga waɗanda ba su ga tambayarta ba, cewa ta yi ƙaninta ya kai shekara uku yana shan tiramadol da kodin, wani lokaci yana haɗawa da dayazifam don ya samu barci. Yanzu ya daina walwala, ya rame, likita ya ce akwai ciwon damuwa a tare da shi. Shi da bakinsa ya ce ya gaji, yana so ya daina. Gida kuma an rabu biyu: wasu na cewa a kai shi cibiya a ba shi gado wata guda, wasu na cewa ya riƙa zuwa asibiti yana komawa gida don kada aikinsa ya suɓuce. Wanne ya fi?

Bari in fara da yadda kowanne yake, domin sau da yawa ana gardama a kan abin da ba a gani ba. Jinyar kwana ita ce a karɓi mutum ya tare a cibiya ko asibiti, ma'aikata na tare da shi dare da rana, ba fita, ba baƙon da ba a tantance ba, galibi har wayarsa akan riƙe. Kwana 28 da ake yawan ambata ya samo asali ne daga wani tsari da ya taso a jihar Minesota ta Amurka a wajen shekarun 1950, domin masu shan giya. Daga nan ya bazu. Babu wani agogo a jikin ɗan Adam da ke cika a rana ta 28, wasu cibiyoyin ma wata uku suke riƙe mutum, wasu shida.

Jeka-ka-dawo kuwa hawa-hawa ce, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, suna zaton ganin likita ne sau ɗaya a wata a karɓo ƙwayoyi. Ƙungiyar likitocin Amurka masu kula da matsalar shaye-shaye ta kasa ta uku ga manya. Mafi sauƙi ba ta kai awa 9 a mako ba. Ta tsakiya, mai tsanani, daga awa 9 zuwa 19 a mako, yawanci kwana uku ko huɗu, zaman rukuni da zaman mutum shi kaɗai da mai ba da shawara, da gwajin fitsari. Ta sama ita ce awa 20 ko fiye, mutum ya wuni a asibiti kusan kullum, kwana kawai yake yi a gida. Don haka idan wani ya ce miki "ai ya gwada ta zuwa da dawowa ba ta yi ba", ki tambaye shi wacce daga ciki.

Abu na farko da ke raba gardama shi ne jiki: me zai faru a makon farko da ya ajiye? Hausa ba ta da kalma ɗaya da kowa ya yarda da ita, ni dai ciwon yaye nake kiransa, domin yaye ne ake yi wa jikin. Ba dukan ƙwayoyi ne yayensu yake ɗaya ba. Na dangin kodin da hiroyin azaba ne: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, hawaye da majina, amai da gudawa, rashin barci. Yakan fara cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya ɗauki kwana 4 zuwa 10. Mai shi zai rantse mutuwa zai yi, amma ba kasafai yake kisa ba in ana kula da ruwan jikinsa. Na giya da na ƙwayoyin barci irin dayazifam shi ne mai kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa in ya tsaya farat ɗaya, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi cikin kwana biyun farko, sannan daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu su shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi da bugun zuciya, wanda in ba a yi magani ba yakan tafi da rai. Dayazifam ma in an yanke shi lokaci guda yana kawo jijjiga, shi ya sa ake rage shi kaɗan-kaɗan, makonni, wani lokaci watanni. Tiramadol kuwa baki biyu gare shi: yana aiki irin na kodin, yana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin yadda wasu magungunan damuwa ke yi. Shansa da yawa na kawo jijjiga, barinsa kwatsam kuma, ban da ciwon jiki, yana jefa wasu cikin firgici da ruɗewa.

To ƙaninki abu uku ya haɗa. A nan jinyar kwana ta yi wa jeka-ka-dawo fintinkau, domin in jijjiga ta zo ƙarfe biyun dare akwai mai allura a kusa. A gida ke ce kawai da kuka. Ana iya yaye mutum yana gida, ana ma yi da yawa, amma ga wanda abu ɗaya yake sha, bai taɓa jijjiga ba, ba shi da wata babbar cuta, kuma akwai mai kwana kusa da shi. Abin da ba na so ku yi ko kusa shi ne a kwashe ƙwayoyin a zubar, a kulle shi a ɗaki a ce ya daure. Mutane sun rasa 'yan uwa ta haka, da kyakkyawar niyya.

Na biyu shi ne hankali. Kusan rabin masu matsalar shaye-shaye suna haɗuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, haka ma in an juya lissafin. Wahalar ita ce gane wanne ya haifi wanne: damuwar ce ta kai shi ga ƙwaya, ko ƙwayar ce ta jawo damuwar? Likitoci sukan duba ko alamun sun ci gaba kamar wata guda bayan mutum ya daina. In sun ci gaba, ciwon mai zaman kansa ne. Su kansu magungunan damuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu. Ki lura da wannan lissafin: kwana 28 na ƙarewa daidai lokacin da likita ya fara gane ainihin abin da ke damun mutum. Saboda haka jinyar damuwa, a tsawonta, aikin jeka-ka-dawo ne ko an ƙi ko an so. Inda kwantarwa ta zama dole shi ne in yana maganar kashe kansa, ko ya taɓa gwadawa, ko yana jin muryoyi, ko ya fara zargin ana bin sa za a cutar da shi, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko tunanin mutuwa na zo masa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, an bincika wannan sosai. In ya ce e, yau za a kai shi, ba sai an gama taron dangi ba.

Na uku, wanda ni a wurina ya fi komai nauyi bayan makon farko: ina zai kwana? Akwai wani bincike da nake yawan tunawa. Lokacin yaƙin Biyetnam, wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawun sojojin Amurka da suka koma gida a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar sun ce hiroyin ya kama su a can. Kowa ya zaci bala'i zai biyo baya, sai aka tarar cikin waɗanda ya kama ɗin, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai ya sake kamawa a shekarar farko, kashi 12 cikin shekara uku. Sun bar wurin, sun bar abokan, sun bar fargabar yaƙi, ƙwayar ma ba ta nan a arha kamar da. Masu son kwantarwa sukan kafa hujja da wannan, su ce kun gani, raba mutum da muhalli magani ne. Gaskiya ne. Sai dai sojojin nan barin wurin suka yi har abada. Wanda aka kwantar wata guda zai dawo ɗakinsa na da, layinsu na da, da lambar dillalin da ya haddace.

Wannan shi ne ƙarfin jeka-ka-dawo, kuma shi ne rauninta. Abin da ya koya da safe, yadda zai gane abin da ke tayar masa da ƙishirwar ƙwaya, yadda zai ce a'a, da yamma zai gwada shi a kan titi na gaske. In ya zame, jibi yana gaban mai ba shi shawara ana warware yadda aka yi. A cibiya kowa gwani ne, tunda babu abin da zai sha. Amma in a cikin gidan akwai mai sha, ko abokan suna bakin ƙofa, ko gidan kullum cikin faɗa da gori yake, to aika shi can kowane dare kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan ke za ki amsa, ba ni ba.

Game da sakamako, wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan jeka-ka-dawo mai tsanani, ya samu cewa ga yawancin mutane sakamakonta ya yi daidai da na kwantarwa. Ki riƙe kalmar "yawancin", don masu larura mafi tsanani sun fi amfana da gado. Abin da ya fi nau'in jinya tasiri shi ne daɗewa a cikinta. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa abin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne. Ita ce kuma ke cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan koma ruwa, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa, gyara masa magani ake yi.

Akwai wani haɗari na kwantarwa da ba a cika faɗa wa iyalai ba, kuma ina so ki ji shi da kyau. Bayan wata guda ba ƙwaya, jiki ya manta da sabon da ya yi. In mutum ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa, balle in ya haɗa da ƙwayar barci ko giya. Makonnin farko bayan sallama na cikin lokutan da aka fi mutuwa. Shi ya sa cibiyar da za ta wanke shi kawai ta miƙo muku shi ba tare da tsarin bibiya ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ga dangin kodin da hiroyin akwai magunguna biyu, metadon da bufirenofin, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da ƙishirwa, suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kuma yawanci mutum yana gida ake ba shi su, wata da watanni, wani shekaru. Wasu na cewa ai canza ƙwaya aka yi da ƙwaya. Ni ban yarda ba: wanda ke tashi ya je aiki, ya ci abinci, ya yi barci, ba ya sata ba ya ƙarya, ba a wuri ɗaya yake da na jiya ba. Likita ne zai duba ko sun dace da ƙaninki. Ki kuma tambaya game da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi, ko za a iya ajiye shi a gida. Wiwi da hodar ibilis ba su da irin waɗannan magunguna tukuna, jinyarsu ta zama da tattaunawa ce.

Maganar kuɗi da aiki ba sai na ja ta ba. Gado ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ɓacewar wata guda sai an yi wa mutane bayani. Jeka-ka-dawo na barin mutum da aikinsa da sirrinsa, kuma aiki kansa yana riƙe mutum. Ita kuma tata matsalar, babu ƙofar da ke hana shi fashi: ya ƙi zuwa yau, ya ƙi gobe, shi ke nan ya ɓace.

Wani abu a gefe, tunda na san za a kawo muku shawarwari kala-kala. Ba duk gidan da ya rataya allon gyaran hali ba ne asibiti. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton samun masu larurar ƙwaƙwalwa ɗaure da sarƙa a ƙasashe 60. Inda ake duka, ko mari, ko horo da yunwa, ko aka hana ku ganin ɗakin kwana, ki juya.

In da ƙanina ne, ga yadda zan yi. Zan fara kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya faɗi duk abin da yake sha da adadinsa ba ɓoye-ɓoye, musamman dayazifam ɗin. Saboda haɗin nan uku da damuwar da ke kai, zan karkata ga ɗan gajeren kwanciya, mako ɗaya ko biyu ko yadda likita ya gani, a wuce wurin haɗari a tsara yadda za a riƙa rage masa. Daga nan ya faɗa jeka-ka-dawo mai tsanani kai tsaye, ba hutun ko mako ɗaya a tsakani, ana sassautawa a hankali har shekara. Hutun rashin lafiya na mako biyu ya fi sauƙin nema a wurin aiki a kan na wata uku. In kuwa gidan ne ba lafiya, to a tsawaita kwanciyar, ko ya koma wurin wani ɗan uwa da babu mai sha.

Kafin ku biya ko sisi, ki tambayi duk inda za ku: akwai likitan da ke duba shaye-shayen da damuwar tare, ko sai an raba shi gida biyu? Wa ke nan da dare? Ana zaman tattaunawa da iyali? In ya zame ya sha, korar sa za a yi ko gyara tsarin? Kuma ranar da za a sallame shi, a ba ku rana da lokacin zamansa na gaba a rubuce kafin ku fita ƙofa.