Shirin muhawarar addini na daren Lahadi, ku saurara amma akwai gyara

Masu tambaya ko shirin kiran wayan nan da wata tashar FM ke yi a nan Kaduna ya kai mutum ya hana idonsa barci, ni dai na ce eh ya kai. Malami ɗaya fasto ɗaya ake zaunarwa, mai gabatarwa a tsakiya, sai a buɗe layi. Na makon jiya kan tsattsauran ra'ayi aka yi, shin ana yi wa Musulmi da Kirista adalci iri ɗaya in an zo maganar masu kisa da sunan addini.

Mai gabatarwar ne ya burge ni wallahi, da mudu ɗaya yake auna kowa. Wani ya bugo yana ta zafi, ya ce Joseph Kony na Yuganda ya yi iƙirarin da dokoki goma na Baibul zai yi mulki, yaransa suka yi ta sace yara suna yanke wa mutane leɓe da kunne amma 'yan tawaye kawai kafafen Turawa ke ce musu, haka 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai galibinsu Kiristoci, da suka fatattaki Musulmi daga Bangui babban birnin Afirka ta Tsakiya a 2014 ba wanda ya ɗora wa coci laifin, to me ya sa Boko Haram na tashi aka ce ai Musulunci ne? Faston bai yi musu ba, ya ce wannan gaskiya ce. Nan take mai gabatarwa ya juya kan malam ya ce to bam ɗin da Boko Haram ta tayar a cocin Madalla fa, ranar Kirsimetin 2011, masu zuwa coci ce musu za ka yi kar su ji tsoro? Malam ya ɗan yi jim, har kana jin numfashinsa a makirfo, ya ce suna da hujjar tsoro, ya kuma tuna mana 'yan Boko Haram ɗin ne dai suka tada bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, su suka harbe Sheikh Albani a Zariya. Ba wanda ya kare nasa a cikinsu, abin da ya riƙe ni kenan.

Inda abin ya ɓata min rai wajen masu kira ne. Wannan ya ce Zangon Kataf 1992, wancan ya ce rikicin shari'a na 2000, wani ya kawo ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a 2022 wani ya mayar masa da matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba a Jos a 2021, kowa gawar nasa yake ƙirgawa ya tsallake ta maƙwabci, kuma aka ƙyale su suna yi. Haba jama'a! Kamata ya yi duk wanda ya bugo a fara tambayarsa me zai ce kan ɓarnar 'yan ɓangarensa. Kuma har aka rufe ba wanda ya tuna Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi da ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a 2018.

Sai talla, tallan maganin basir kaɗai ya cinye kaso mai yawa na awa ɗayan, layi kuma ya yi ta yankewa katinka na tafiya. Dan Allah a ƙara lokaci, a ware wa mata layi don ban ji muryar mace ko ɗaya ba, a kuma dinga ɗora shi a Facebook saboda waɗanda ba sa Kaduna.