Testar PoE ɗin da ta sa na daina zargin suwic ba gaira ba dalili

Wata uku kenan ina yawo da wannan 'yar testa a jakar aiki, irin ƙaramar nan da ba ta fi kwalin ashana biyu girma ba, sikirin ɗan mitsitsi da ramin kebul biyu, ɗaya shiga ɗaya fita. Ba ta ma da sunan kamfani na kirki a jiki, 'yar Cana ce kawai, kuma kuɗinta bai kai na kyamara ɗaya ba. Aikinta ka sa ta tsakanin suwic, wato akwatin da kebul ɗin kyamarori da sauran na'urori ke haɗuwa a cikinsa, da abin da yake cin wuta ta gaya maka bolt nawa ke kan wayar, wat nawa ake ja, da kuma irin PoE ɗin da suwic ya yarda ya bayar, wato wutar da ake turawa ta cikin kebul ɗin intanet ɗin kansa. Shikenan fa.

Abin da ya sa na saye ta wani aiki ne na sito a nan Kano da ya kusa zubar min da mutunci. Babban suwic yana ofis, na ja kebul kamar mita 60 zuwa ɗakin maigadi na sa ƙaramin suwic irin wanda ba ya buƙatar soket, wutarsa daga kebul ɗin take zuwa shi kuma ya raba wa kyamara uku. Da rana lafiya lau. Ana kiran magariba kyamarorin suka kunna fitilun ganin dare sai ƙaramin ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, haka zai kwana yi, Alhaji kuma kullum da safe sai ya kira ni ya ce Malam kyamarorinka sun sake, ka ji fa, sun zama nawa. Na sake matse kan kebul sau biyu, na canja ƙaramin suwic da sabo fil, har inbata sai da na zarga, duk a banza.

Ranar da na sa testar a fot ɗin babban suwic, wato ramin da kebul ke shiga, sai ta rubuta af, tsohuwar ƙa'idar PoE mai ƙaramar wuta kenan, alhali a kwalin suwic ɗin PoE+ mai wuta fiye da haka aka rubuta da manyan baƙaƙe. Na koma na sa ta a tsakiya na jira duhu, ina kallo wat ɗin yana hawa daga 11 da wani abu, yana wuce 15 wuta ta yanke. Toh a nan na gane ashe ba wanda ya lalace, ciniki ne kawai bai faɗa ba tsakanin suwic ɗin biyu.

Ga wanda bai sani ba, suwic mai bin ƙa'ida ba ya sakin wuta haka kawai. Sai ya fara taɓa layin da 'yar wuta da ba ta wuce bolt 10 ba yana neman wata alama, wato turjiya ta kusan om dubu 25 da ake sawa a cikin duk na'urar da ke karɓar PoE, in ya same ta sai ya tambayi ajinta, wato yawan wutar da take buƙata, sannan ya saki wutar gaske tsakanin bolt 44 zuwa 57. Tsohuwar ƙa'idar 802.3af ta 2003 wat 15.4 take bayarwa a bakin fot, abin da aka lamunce zai isa can ƙarshen waya 12.95 ne. Ta 2009, 802.3at wadda ake ce wa PoE+, ta kai 30, mai karɓa ya samu 25.5, sai 802.3bt ta 2018 mai 60 har 90. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar neman wat 30 ɗin guda biyu ce, ko dai a daidaita tun a matakin wutar lokacin tambayar aji, ko kuma a bari sai layi ya tashi su yi magana ta LLDP, wato hanyar da na'urori ke aika wa juna bayanin kansu ta kan layin, kuma akwai manyan suwic da suke farawa da 15.4 su zauna jiran a roƙi ƙari ta LLDP, shi kuma ƙaramin nawa irin wanda ba a shiga saitinsa ne, kurma ne bebe ne, ba zai taɓa roƙa ba ko shekara za a yi. Na shiga saitin babban na ce wannan fot ɗin a ba shi 30 kai tsaye ba sai an tambaya ba. Daren nan testar ta nuna wat 21 da ɗoriya tsaye cak har asuba.

Amfaninta na biyu da na fi jin daɗi ma shi ne kama wutar da ake ce wa pasif, irin ta bolt 24 ɗin nan da ake ba tsofaffin rediyon intanet na kan dogon ƙarfe. Ita wannan ba ruwanta da tambaya, kana jonawa ta turo, in ka yi rashin sa'a ka sa kebul ɗin a fot ɗin suwic da bai shirya mata ba sai dai ka ji ƙauri. Yanzu duk kebul ɗin da na tarar yana reto a wurin aikin da ba ni na fara ba sai na sa mata shi tukuna, tana nuna min har wayoyin da wutar ke kai, ko 1,2,3,6 ko 4,5,7,8. Ta kuma tona asirin kebul ɗin alminiyam mai rufin tagulla a wani gida, bolt 53 a bakin suwic amma can wurin kyamara ya faɗi sosai da zarar an fara jan wuta, na kankare wayar da reza sai ga fari a ciki.

Amma kar wani ya saya yana tunanin ya sayi likita. Ba ta ganin LLDP ko kaɗan, za ta ce maka af ne ta yi shiru, dalilin kuma kai za ka je ka nemo a cikin suwic, masu suwic na kamfanin Cisco sun san umarnin show power inline, sauran kuma kowa da shafinsa. Ba ta san 802.3bt ba, na gwada ta a injekta, wato na'urar da ke ɗura wuta a kebul, mai wat 60 ta rubuta at kawai. Ba ta riƙe adadi mafi sama da aka ja, shi ya sa na zauna a ɗakin maigadi sauro na cizona ina zuba wa sikirin ido, wanda shi ma in a rana kake sai ka kare da hula kafin ka ga lamba. Rashin riƙe adadin nan ya fi komai ba ni haushi wallahi, don abu ne da bai kamata ya gagari masu ƙera ta sawa ba.

Ramin fitar ya fara sakin kebul tun a wata na biyu, yanzu da salatif nake ɗaure shi in zan bar ta a layi. Duk da haka na riga na ce a ajiye min wata, yaron shagona zan ba wannan ɗin don ya daina kirana daga saman tsani yana cewa Oga suwic ya ƙone.