Maɗaurin igiya ko ƙugiyar ƙarfe: wanne ya dace da gadon lilo?

Gadon lilo gadon yadi ne da ake ratayawa tsakanin bishiyoyi biyu. Wajen haɗa shi da igiyar da aka ɗaure a bishiya, ƙugiyar ƙarfe ta fi sauri. Da hannu ɗaya za ka maƙala ta, ko cikin duhu da sanyi, sai dai tana da nauyi a jakar mai doguwar tafiya a daji.

Maɗaurin igiya kuwa kai za ka haɗa abinka da igiyar Dyneema, wata igiyar roba ce mai ƙarfi mai rami a ciki. Ka zura ta cikin kanta ta ba da zarge, ka yi ƙulli mai kauri a ɗaya bakin. Ƙullin ya shiga zargen, nauyinka ya ƙara matse shi. Ba ya tsatsa, ba ya yaga yadi. Shi nake zaɓa. Amma fa ka ja ƙullin ya zauna daram kafin ka kwanta, domin igiyar tana da santsi, kuma zafi da kaifi suna saurin cinye ta.