Hutu a Rodos: garin da ya dace ka sauka da wuraren da ake tsuga wa baƙi kuɗi

Kafin ka dubi hoton kowane otal a tsibirin Rodos na ƙasar Girka, fara duba taswira ka ga a wace gaɓa yake. Tsibirin dogo ne, tsawonsa ya kusan kilomita 80, kuma gaɓoɓinsa biyu ba halinsu ɗaya ba. Ta yamma iska ce ke kaɗawa a cikin watannin zafi, ruwan na da taguwa, bakin tekun tsakuwa ne, kuma filin jirgin sama na Diagoras a can yake. Ta gabas ruwan a kwance yake, can ake samun rairayi. Masu tallar otal sun san wannan sarai, shi ya sa suke rubuta "daf da teku" su yi shiru a kan sauran.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina: birnin Rodos kansa, can ƙuryar arewa. Tsohon garin yana cikin ganuwa mai tsawon kusan kilomita 4, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Mayaƙan Kirista na ƙungiyar Yahaya Mai Tsarki ne suka riƙe shi sama da shekara 200, har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi a 1522. Italiya ta ƙwace a 1912, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma hannun Girka. Kowannensu ya bar sawunsa. Idan ka hau titin Sokratous, inda shagunan fata da tsaraba suke jere, a samansa za ka tarar da masallacin Sulaiman mai jan fenti, daura da shi ga ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Aga da aka kafa a 1793, da tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. Wanda ya fi wa matafiyi amfani shi ne masallacin Ibrahim Fasha, wanda aka gina wajen 1540: har yau ana salla a cikinsa, domin akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, zuriyar zamanin Turkawa. Wanda ya taɓa yin Juma'a a garin hutu na Turai yana lissafin alƙibla a kan kafet ɗin otal ya san darajar wannan.

Ga kuma sauƙin zirga-zirga. Motocin bas na gabas da na yamma duka daga kusa da sabuwar kasuwa, gefen tashar ruwa ta Mandraki, suke tashi. Daga birnin ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Simi a wuni a dawo. Bakin tekun Elli da ƙafa ake zuwa. Rairayinsa gauraye yake da tsakuwa kuma ruwan na saurin zurfi, sai a riƙe yara. Aibin birnin biyu ne. Da hantsi manyan jiragen yawon buɗe ido kan juye dubban mutane cikin lungunan, sai an kusa la'asar ake samun sarari. Sannan mota ba ta shiga yawancin tsohon garin, ƙasan kuwa an daɓe shi da duwatsu, jan akwati a kai wahala ce. Ka kama ɗaki a bakin ganuwa ko a sabon garin, ka riƙa shiga da sassafe da kuma bayan magariba.

Lindos, mai nisan kusan kilomita 50 a kudu, ita ce ta hotuna: fararen gidaje a gindin dutse, tsohuwar kagara a bisa, ƙaramin tafkin teku na Bulus Mai Tsarki a ƙasa. Ta cancanci wuni guda. Kwana kuwa akwai tsada, akwai hawa da gangara, kuma zafi na taruwa a cikin kwarin a Yuli da Agusta har wanda ya tashi a Sakkwato sai ya nemi inuwa. Mai tafe da dattijuwa ko mai ciwon gwiwa ya yi tunani. Jakunan da ake hawa zuwa kagarar ka bar su su huta, ka taka da ƙafarka tun rana ba ta yi ba.

Pefkos, kaɗan gaba da Lindos, ta fi araha da natsuwa, ta dace da mai iyali in yana da mota. Kolimbiya ma haka, kuma kusa take da Tsambika, inda rairayi ya fi ko'ina laushi, ruwan bai wuce gwiwa ba har nesa. Faliraki ta mashaya ce da kiɗa har asuba, a ƙarshenta ma akwai bakin tekun masu tsiraici. Iksiya da Iyalisos na masu wasan sulu a kan teku da ƙarfin iska ne. Kiyotari da Gennadi manyan otal-otal ne masu ciyarwa safe da dare, nesa da komai. Yankin ne gobarar daji ta Yulin 2023 ta shafa, lokacin da aka kwashe mutum kusan 19,000.

To, sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A wani dandali na tsohon garin, wani mai kiran ciniki ya tare mu da fara'a, muka zauna muka ce a ba mu lemo. Aka kawo kofuna kamar tulu, wanda mutum uku ba za su shanye ɗaya ba, aka kuma kawo lissafi daidai girmansu. Ba a tambaye mu ƙarami ko babba ba, takardar farashi kuwa sai bayan mun sha ta bayyana. Don haka duk inda ka ga an tsayar da mutum a ƙofa yana jan hannun masu wucewa, wuce. Ka ce a ba ka takardar farashi tukuna, ka nuna da yatsa, ka faɗi girman da kake so. Kifi da kilo ake sayar da shi, kuɗin da ka gani a rubuce ba na faranti ba ne; ka sa a auna a gabanka a faɗa maka nawa kafin ya hau wuta. Wanda aka ɗauko daskararre daga firiza doka ta ce a yi masa alama a takardar, galibi 'yar tauraruwa. Kuma ka riƙe wannan: a Girka idan ba a ba ka rasit ba, ba dole ne ka biya ba, shagunan da kansu suna liƙa sanarwar.

Naman nan da ake gasawa a tsaye yana juyawa, wanda suke kira giros, asalinsa na alade ne, haka ma yawancin tsirensu. Akwai na kaza, amma sau da yawa wuƙa ɗaya ce da wuta ɗaya. Ka tambaya, ko ka tsaya ga kifi, wake, salak da cuku.

Damfarar da ta fi zafi tun kana gida take samunka. Ana kwafe hotunan gidajen haya na gaske a buɗe shafin bogi, a rage farashi, a ce ka tura kafin alƙalami ta banki kai tsaye don "wani na nema". Duk gidan haya na halal a Girka yana da lambar rajista da ake sawa a tallarsa, AMA ko MHTE. In babu, ko aka ce ku fita daga manhajar kama masaukin ku gama ciniki a WhatsApp, ja da baya. Ga wanda zai nemi biza abin ya ninka, domin masaukin bogi na iya jawo a ƙi ka, Yuro 90 na kuɗin biza ya bi ruwa.

Akwai kuma kuɗin da ba cuta ba ne amma kan zo wa mutum ba zata. Otal na karɓar harajin sauyin yanayi a kan kowane ɗaki kowane dare, daga Yuro 2 a ƙananan otal zuwa Yuro 15 a masu tauraro 5 a lokacin cunkoso, kuma yawanci a hannu ake biya. Gadon shan iska da laima a bakin teku haya ne, ka ji farashi kafin ka kishingiɗa. Amma kada wani ya kore ka daga rairayi: bakin teku na kowa ne, dokar 2024 ta ce a bar mafi yawansa babu gadajen haya, a kuma bar mita 4 tsakaninsu da ruwa. Gwamnati ta fitar da manhajar MyCoast don kai ƙara.

Motar haya ka ɗauki bidiyonta ciki da waje, har tayoyi, kafin ka tayar, ka tambayi ko inshorar ta haɗa da taya da ƙarƙashin mota, don nan ake kama mutane. Mai lasisin Najeriya ko Nijar ya zo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Masu sayar da tikitin Marmaris, wani gari a gaɓar Turkiyya, kuma za su ce maka Turkiyya tafiyar awa ɗaya ce kawai a jirgin ruwa. Gaskiya ne, sai dai ba za su dubi fasfonka ba. Turkiyya na da tata biza, kuma idan bizarka ta Shengen, wato bizar Turai da ake shiga Girka da ita, ta shiga sau ɗaya ce, da ka fita ta ƙare, kayanka na otal a Rodos kai kana tsallake.