Sati shida ana zuba min magani a mafitsara, ga yadda na ji

Na daɗe ina son rubuta wannan, don lokacin da nake neman wadda ta taɓa yi ta ba ni labari ban samu ko mutum ɗaya ba.

Ciwon nawa kusan shekara huɗu ana ce min ciwon sanyi ne, in sha antibayotik in gama in koma a sake rubuta min wani, alhali gwajin fitsari kullum fes yake fitowa babu ƙwayar cuta. Mara ta dinga ciwo kamar an ɗora min dutse mai zafi idan fitsari ya taru, in na je na yi sai in ɗan samu sauƙi, ko rabin awa ba a yi ba ya dawo, da daddare kuwa tashi biyar tashi shida, wallahi har na manta yadda baccin kirki yake. Sai da na haɗu da likitar mafitsara ta leƙa ciki da 'yar kyamara sannan ta ce sunan abin interstitial cystitis, wato ciwon mafitsara mai daɗewa wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Bata ga gyambon nan da ake kira na Hunner ba, wanda kaɗan daga cikin masu ciwon ke da shi, da akwai shi da ƙona shi za a yi ko a yi masa allura.

Abin da ya burge ni da ita, bata yanke min hukunci ba, ta zauna ta jero min hanyoyin ta ce in je in yi tunani. Da ma na fara amitriptyline miligiram 10 da dare, ya taimaka wa baccina sosai amma da aka ƙara zuwa 25 sai bakina ya bushe ƙamas, ga taurin bayan gida, ga jiri da safe. Sai maganar Elmiron, ƙwayar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 1996 don wannan ciwon, ana sha sau uku a rana kuma sai an yi wata uku zuwa shida kafin ma a gane ko zai yi aiki. Anan na tsaya cak, saboda a 2018 likitocin ido suka fara ba da rahoton yana iya lalata bayan ido ga waɗanda suka daɗe suna sha, har aka sa gargaɗi a jikin maganin a 2020. Mahaifiyata na fama da ido, na san abin da hakan ke nufi a gida, na ce a'a ni dai a bar shi tukuna. Ba wai ina cewa kar kowa ya sha ba, akwai waɗanda ya yi musu amfani, amma in za ki sha a duba miki ido kafin ki fara kuma a ci gaba da dubawa. Botox ma ta ambata, wato allurar da ake yi wa tsokar mafitsara don ta saki, da na ji wasu fitsarin ke riƙewa har sai sun dinga sa wa kansu roba na wani lokaci, na ce wannan sai in komai ya ƙi.

To shi ne na zaɓi zubawar. Sau ɗaya a sati ake yi, nas ta sa siririyar robar fitsari ta fitar da wanda ke ciki, sannan ta tura haɗin heparin da lidocaine ta cire robar, ke kuma ki riƙe kamar rabin awa kafin ki yi fitsari. Lidocaine ɗin ke kashe zafin, heparin kuma ana ganin yana taimaka wa shimfiɗar cikin mafitsara da ke kare ta daga kaifin fitsari. Akwai wani mai suna DMSO da aka daɗe ana amfani da shi tun 1978, shi yana sa numfashin mutum warin tafarnuwa na kwana ɗaya ko biyu, ba shi aka yi min ba.

Ranar farko gaskiya na yi kuka, shigar robar akwai zafi kuma kunya ma kaɗai ta isa, amma nas ɗin ta bi ni a hankali tana ta ce min sannu, ki saki jikinki. Daren nan sau biyu kawai na tashi, da asuba na zauna bakin gado ina ta alhamdulillahi. Bayan kwana uku ciwon ya dawo, raina ya ɓaci sosai don na ɗauka shikenan an rabu. A sati na huɗu ne sauƙin ya fara kaiwa har zuwa zubi na gaba. A na biyar kuma na kamu da ciwon sanyin na gaske, abin da dama an gargaɗe ni robar na iya jawowa, sai da aka ɗaga min sati guda.

Yanzu wata uku da gamawa, ciwon ya ragu kamar rabi, bai tafi ba, kuma duk ranar da na sha kofi ko lemon kwalba ko na ci abu mai tumatir da barkono da yawa sai na ji a jikina. Kuma ba zan ba zubawar duka yabon ba, don a tsakani na fara zuwa wajen mai gashin ƙashi, wato fisiyo, da ta ƙware a tsokar ƙasan mara, ita ta gano tsokar tawa a ɗaure take tamau, ta hana ni atisayen matsewar nan na Kegel da nake ta yi ina ganin gyara nake ashe ƙara ɗaure ta nake.

Zan sake yi? Eh, in ya tsananta zan koma ba tare da fargaba ba. Amma 'yar'uwa in ke ce, ki roƙi a duba miki tsokar nan tun farko kafin a kai ga roba, kuma ki ce a shafa miki maganin kashe zafi a jira 'yan mintuna kafin a saka, ni sai a zuwa na uku na san ana iya neman haka.