Ƙwan majigi ya mutu: ka sayi wani, ka sake na'ura, ko ka haɗa taka?

Duk wanda ya riƙe majigi na 'yan shekaru ya san ranar nan. Ka kunna, fanka ta tashi, bango ya ƙi haske, sai wata 'yar jar fitila a saman na'urar tana ta ƙyaftawa. Sau da yawa ma alamar ta daɗe da bayyana: fuskokin 'yan wasa sun dushe, filin ƙwallo kamar hazo ya rufe shi, kana ta ƙara labule a taga alhali ƙwai ne ya tsufa. A nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi, domin suna zuwa kasuwa da gaggawa.

Ka fara sanin abin da ya mutu. Yawancin majigin da ke gidajen kallo da makarantu da ofisoshi suna aiki da irin ƙwan da ake kira UHP, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1995. Osram ma yana da nasa mai suna P-VIP. A cikinsa akwai zaiba, kuma hasken yana fitowa ne daga tartsatsin wuta tsakanin wasu ƙarafa biyu da tazararsu ba ta fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Idan ya ɗau zafi, matsin da ke cikinsa yakan kai kusan ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Rayuwarsa galibi awa 2,000 zuwa 5,000 ce. Mai gidan kallon da ke kunna shi awa shida kullum yana cinye awa 2,190 a shekara, ka ga ke nan sayen ƙwai yana cikin lissafin sana'arsa kamar man janareta.

Idan jikin na'urar lafiya yake, sauya ƙwai ya fi komai sauƙi, amma ƙwan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na asali cikin gidansa na asali, wanda kake zare tsohon ka zura sabon ka ɗaure noti biyu. Shi ya fi tsada, shi ya fi kwanciyar hankali. Akwai ƙwai na asali da wani kamfani ya sa a gidan da ya ƙera, kuma ni a nan na fi tsayawa, in dai zan ga tambarin Philips ko Osram ko Ushio a jikin tangaran ɗin da idona. Akwai tsuran ƙwai ba gida, wanda za ka kwance tsohon gidan ka ɗaura shi da kanka. Yana da araha, sai dai yana son hannu mai natsuwa, don in ya ɗan karkace hasken zai taru gefe ɗaya. Sai kuma jabu. Na taɓa saye saboda arhar ta ja ni. Ranar farko ma na ga farin yana komawa ɗorawa-ɗorawa, ban kai wata uku ba ya fashe da ƙara ana tsakiyar kallo, na kwana ina tsince ɓarɓashin gilashi daga cikin fanka. Kafin ka biya, ka tabbata lambar ƙwan da ƙarfinsa na wat sun yi daidai da na tsohon, domin abin da ke tayar da shi a cikin na'ura an auna shi ne da wannan ƙarfin.

Wajen sawa kada ka yi garaje. Ka zare waya daga bango, ka bar na'urar ta huce kamar awa guda. Kada yatsanka ya taɓa gilashin, maiƙon hannu yana zama tabon da zafi zai taru a kai. Ka sa safar hannu ko ƙyalle mai tsabta. In tsohon fashewa ya yi, ka buɗe tagogi ka fitar da yara, saboda zaibar nan. Bayan ka gama ka shiga saiti ka mayar da ƙidayar awa zuwa sifili, in ba haka ba wasu na'urorin za su ci gaba da yi maka gargaɗi, wasu ma su ƙi tashi.

Akwai wata dabara da ke jan masu gyara: a cire ƙwan gaba ɗaya a dasa fitilar LED mai wat 100 a gurbinsa, a huta da saye. Ban ba ka shawarar ba. Madubai da gilasan da ke ciki an tsara su ne don su kamo haske daga ɗigon nan na milimita ɗaya. LED mai faɗi kamar kwabo tana watsa haskenta ko'ina, mafi yawansa ya bugi bangon ciki ya zama zafi. Za ka sha wahalar yaudarar na'urar ta yarda akwai ƙwai, a ƙarshe ka samu hoton da bai kai na ƙwan da ya tsufa ba.

To, sake na'ura fa? Majigi mai LED ko leza da aka ƙera haka tun daga masana'anta yakan yi awa 20,000 ko fiye, yana tashi nan take, kuma ƙananan na LED ba sa cin wuta. Wasu ba su kai wat 100 ba, alhali mai ƙwai yana jan 250 zuwa 350. Ga mai sola ko inbata wannan babban bambanci ne. Kuma mai ƙwai ba ya son a ɗauke wuta bagatatan, domin fanka na tsayawa ƙwan na tafasa. In za ka riƙe shi a inda wuta ke wasa, ka haɗa masa UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke. Abin lura shi ne in hasken leza ko LED ya ƙare, yawanci ba a sauya shi a gida.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga 'yar na'ura kamar burodi an rubuta lumen 8,000, wato ma'aunin ƙarfin haskenta. Ka nemi kalmar ANSI kusa da lambar, don ita ce ke nuna an auna hasken a kan allo, a wurare tara. Ɗakin kwana mai duhu zai yi da 'yan ɗaruruwa, amma zauren kallo da rana ko aji yana son 3,000 ko sama, kuma a nan tsohon majigi mai ƙwai na hannu har yanzu yana doke sabbin masu araha.

Haɗa naka a gida kuwa abu ne mai daɗi, ina son sa, kuma zan faɗa maka gaskiyarsa. Kana buƙatar allon LCD, irin fuskar kwamfuta, da aka ɓare masa fitilar baya, gilasan Fresnel guda biyu, wato falalen nan masu zobe-zobe, ɗaya a bayansa ɗaya a gabansa, sai idon da zai jefa hoton a bango, da LED mai ƙarfi, da fankoki, da akwatin katako da kafinta zai haɗa maka. In ka samu tsohon majigin aji mai haska takardar leda, Fresnel da idon suna ciki. Matsalar ita ce allon LCD ba ya barin ko kashi goma cikin ɗari na hasken ya wuce, sauran zafi ne, kuma in iska ba ta ratsa shi sosai za ka ga baƙin tabo yana yaɗuwa daga tsakiyar hoton. Idan ka tara kuɗin kayan, da wuya ya gaza na ƙaramin majigin kasuwa, wanda shi ma tsarin cikinsa ke nan. Ɗalibi ko mai sha'awar fahimtar yadda haske ke tafiya ya haɗa, zai koyi abin da littafi ba zai ba shi ba. Mai neman abinci da majigi kada ya jingina sana'arsa a kai.

In ka yanke sayen na hannu, kada ka dogara da ƙidayar awa, kowa na iya mayar da ita sifili. Ka sa a kunna a gabanka a haska farin hoto zalla na minti ashirin. A mai LCD ka duba ko akwai dabbare-dabbaren ƙura ko gefen da ya yi rawaya. A mai DLP, wato wanda ke haɗa hoto da ƙananan madubai, ka duba fararen ɗigo kamar taurari, alamar ƙananan madubansa sun fara maƙalewa. Ka sa hannu a bakin da iska ke fita, ka saurari fanka. Sannan ka zare matatar ƙura ka ɗaga ta sama: in haske ba ya ratsa ta, ƙurar hunturu nawa ce a ciki ba a busa ba, kuma da wannan zafin ƙwan ya yi ta aiki. Ka cire kuɗin sabon ƙwai daga farashin kafin ku fara ciniki.